Maverick: yadda sunan wani lauyan Texas ya koma kan maraƙi, daga maraƙi ya koma kan 'yan siyasa

Akwai wata kalmar turanci da duk mai bin labaran siyasar Amurka ko mai leƙa jaridun Legas ya sha cin karo da ita, wato maverick, ana furta ta kamar "mabarik". Za ka ji an ce sanata wane maverick ne, attajirin nan da ya kafa kamfani ya ƙi yin abu yadda kowa ke yi shi ma maverick ne, har kocin ƙwallo idan yana da nasa salon da ba ya jin maganar kowa haka ake ce masa. Idan ka buɗa ƙamus zai ce maka mutum ne mai cin gashin kansa wanda ba ya bin sahun jama'arsa ko jam'iyyarsa. To ma'ana ta fito, amma gwada mayar da ita Hausa da kalma ɗaya ka ga inda gizo ke saƙar.

Ka ce ɗan tawaye, ta yi nauyi, don ɗan tawaye ya fito fili ne yana yaƙar shugabanci, shi kuwa wannan yana nan cikin jam'iyya ana taro da shi ana cin abinci da shi, ranar ƙuri'a ce kawai ba ka san inda zai faɗa ba. Ka ce bauɗaɗɗe ko fanɗararre ko kangararre, duk zagi ne, babu wanda za ka kira da ɗaya daga cikinsu ya ce maka na gode, alhali Ba'amurke idan ka ce masa maverick har wani buɗa kafaɗa yake yi. Wadda ta fi kama da ita a fuska ita ce saniyar ware, don dukkansu daga garke aka ɗauko su, amma ita ma akwai inda suka raba hanya, zan dawo kanta can gaba.

Kalmar dai ba daga Latin ta zo ba, ba kuma daga Faransanci ba kamar yawancin manyan kalmomin turanci. Sunan gidan wani mutum ne, Samuel Augustus Maverick. An haife shi a 1803 a garin Pendleton na jihar South Carolina, ɗan masu hali ne, ya gama jami'ar Yale a 1825, ya karanta aikin lauya, a 1835 ya tattara ya nufi Texas lokacin tana ƙarƙashin Meziko, kuma abin da ya kai shi neman filaye ne. Ya isa ana dab da fara rigima, har sojojin Meziko suka yi masa ɗaurin talala a San Antonio. Bayan nan mayaƙan da ke sansanin Alamo suka zaɓe shi ya wakilce su a taron ayyana 'yancin Texas, ya bar wurin 'yan kwanaki kafin 6 ga Maris 1836, ranar da sojojin Santa Anna, jagoran Meziko, suka afka wa sansanin suka kashe kusan duk mayaƙan da ke ciki. Mai sauran kwana kenan. Ya sa hannu a takardar 'yancin, ya zama magajin garin San Antonio a 1839, a 1842 sojojin Meziko suka sake shigowa garin suka kama shi da wasu suka kai su kurkukun Perote, aka sako shi a 1843. Ya daɗe a majalisar dokokin Texas, kuma lokacin da ya rasu a 1870 filayen da ya mallaka sun haura eka 300,000.

Yanzu don Allah duba tarihin nan da kyau, ina bauɗewar take? Lauya, attajiri, magajin gari, ɗan majalisa, wannan ai shi ne cikakken mutumin gwamnati. Yana da bayi kamar sauran masu kuɗin kudancin Amurka na zamaninsa. A 1861 da Texas ta yanke shawarar ɓallewa daga tarayya ta bi jihohin kudu masu kare bauta, ya bi ayari, har yana cikin mutum uku da aka tura suka karɓi makamai da kayan gwamnatin tarayya daga hannun Janar Twiggs, kwamandan sojojin tarayya a Texas, a San Antonio. Ba na cewa ba shi da jarumta, wanda ya zauna a Perote ya ga rayuwa, amma idan ana neman mutumin da ya juya wa jama'arsa baya ya kama tasa hanyar to ba shi ba ne. Sunansa ya shiga ƙamus ne ta dalilin shanun da bai ma damu da su ba.

Ga yadda abin ya faru. A cikin shekarun 1840 wani maƙwabcinsa da yake bi bashin dala 1,200 ya rasa kuɗin biya, sai ya ba shi shanu 400 a madadin kuɗin. Maverick ba makiyayi ba ne, ba kuma ɗan kasuwar shanu ba ne, idonsa na kan takardun fili da kotu da majalisa, ya karɓa ne don ko ba komai ya fi a ce bashin ya bi ruwa. Shanun suna Matagorda, wani siririn yanki mai yashi da ya miƙe a bakin teku, sai ya bar su a hannun wani gidan bayinsa, musamman wani matashi da ake kira Jack, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma San Antonio a 1847. Shanu suka yi ta haihuwa, maruƙa suka yi ta girma ba a ɗora musu shaida ba sai jefi-jefi. Masu ba da labarin sukan ɗora laifin a kan Jack wai ya yi sakaci, ni kuwa na ce bawan da ba a biyansa, ba shi da ko kofato a cikin garken, ubangidan yana can tafiyar kwanaki, da wane dalili zai kashe kansa yana bin bijimai a cikin fadama da ƙarfe mai zafi? Ko a wurinmu wanda ya ba da kiwo ya kwana biyu bai leƙa ba ya san abin da yake tararwa.

Sai an fahimci yadda ake kiwo a Texas ta wancan lokacin kafin a gane girman wannan sakacin. Ba irin na Fulaninmu ba ne da makiyayi ke gaba da sandarsa shanu na biye, ya san kowace da kamanninta da uwarta da kakarta, da yamma a dawo ruga a ɗaure maruƙa. Can sakin shanun ake yi a fili fetal babu shinge, na wane su cakuɗa da na wane su yi watanni babu wanda ya gan su, su zama kamar namun daji, sai lokaci ya yi mahaya dawaki, kaboyi ɗin nan da muke gani a fim, su bazu su koro su wuri ɗaya a ware na kowa. Da me za a ware? Da shaida. A sa ƙarfe a wuta ya yi ja a manna a cinyar dabba, irin lalas ɗin da Buzaye ke yi wa raƙumansu, a kuma tsaga kunne da wani salo, kowane mai shanu da tambarinsa da aka rubuta a ofishin ƙaramar hukuma. Wannan al'ada daga Sifaniyawa Amurkawa suka gaje ta ta hanyar makiyayan Meziko, kuma su dama suna da sunansu na dabbar da ba ta da shaida, orejano, daga kalmarsu ta kunne, wato wadda kunnenta yake lafiya lau ba a taɓa shi ba.

Ƙa'idar maraƙi kuma mai sauƙi ce, muddin yana bin uwarsa yana tsotso to na mai uwar ne, ko wa ya kama shi tambarin uwar zai ɗora masa. Amma da zarar ya yaye ya rabu da uwar babu shaida a jikinsa, to babu mai iya rantsuwa cewa nasa ne, kuma al'adar wurin ta ce duk wanda ya riga jefa masa igiya ya manna masa ƙarfensa ya zama nasa. Shi ya sa shekara ɗaya idan ka yi sakaci ba ka yi lalas ba ka yi wa maƙwabta kiwo kenan.

Haka aka yi ta yi wa Maverick. Mutanen yankin idan suka ga ɗan shekara ɗaya yana yawo fata sumul sai su ce na Maverick ne wannan, ba wai don su kai masa ba fa, a'a, don dai a san babu mai zuwa cigiya. A 1854 ya sa aka kwaso garken aka kawo wani filinsa da ake kira Conquista a bakin kogin San Antonio, nan ma abin bai sauya zani ba. A 1856 ya gaji ya sayar da su gaba ɗaya ga wani maƙwabci, Toutant Beauregard, ɗan'uwan janar ɗin nan Beauregard da ya yi suna a yaƙin basasar Amurka, kuma cinikin na a-inda-suke ne, wato mai saye ne zai shiga daji ya tattaro kayansa. To ka san halin mutane, yaran Beauregard suka bazu, duk dabbar da suka gani babu shaida sai su ce ai cikin na Maverick ce, su ƙona mata nasu tambarin. Daga nan sunan ya kama. Abin dariyar shi ne bayan kusan shekara goma ana haihuwa adadin garken da aka sayar bai wani wuce yadda aka ba shi tun farko ba, ribar duk ta tafi gidajen mutane.

Daga baya labarai suka yi ta fitowa, wasu suka ce tausayin dabbobi ne ya hana shi ƙona su, wasu suka ce wayo ne, wai ya ƙi yin shaida ne don ya ce duk wadda ba ta da shaida a Texas tasa ce. Na biyun ya fi daɗin faɗa a majalisa shi ya sa ya fi yawo, amma lissafi bai goyi bayansa ba, mai irin wannan wayon ai garkensa ninkuwa zai yi, shi kuwa nasa tsayawa ya yi cik. 'Ya'yansa sun yi ta rubutu a jaridu suna gyara labarin, cewa ubansu bai taɓa zama sarkin shanu ba.

Abin da ya fitar da kalmar daga wannan lungu ya watsa ta shi ne yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Maza sun tafi fagen daga, shanun Texas suka yi shekara huɗu suna haihuwa babu mai lalas, aka dawo aka tarar da miliyoyin shanu da yawansu babu shaida. A lokacin kuma biranen arewa na neman nama ido rufe, bijimin da bai wuce dala 4 a Texas ba yana iya kaiwa dala 40 idan ya isa can, ga jirgin ƙasa ya iso Kansas, a 1867 Joseph McCoy ya buɗe kara a garin Abilene aka fara koro garkuna ɗaruruwan mil ana lodawa. To duk wanda ke da doki da igiya da ƙarfe sai ya shiga daji farautar dabbobi marasa shaida, kuma a wannan shekarar ta 1867 ne aka fara ganin kalmar a rubuce da ma'anar maraƙin da ba shi da tambari. Manyan masu shanu da yawa da aka zo ana cire wa hula daga baya, da wannan tsintuwar suka kafa jari.

Nan ne wurin da ni abin ya fi ɗaukar hankalina, don a wurinmu tsintuwa tana da hukunci. Dabba idan ta ɓace aka gan ta, gidan mai unguwa ake kai ta a yi cigiya. Akwai kuma hadisin nan sananne da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da ɓatacciyar tunkiya ko akuya, ya ce taka ce ko ta ɗan'uwanka ko ta kyarkeci, da aka tambaye shi ɓataccen raƙumi kuwa sai ya ce ina ruwanka da shi, yana tare da takalminsa da salkarsa, zai je ruwa ya ci ganyen itace har mai shi ya same shi. Ka ga dabba biyu kenan duk babu mai su a kusa, ɗaya tana iya riƙe kanta, ɗaya kuwa jira take wani ya ɗauke. Masu yi wa kansu kirari da maverick yau raƙumin suke hangowa a ransu, amma maverick na asali tunkiyar ce. Maraƙin da ba shi da shaida ba 'yanci ya samu ba, ya zama abin da kowa ke rige-rigen kamawa ne, kuma rashin ubangidan nasa na ɗan lokaci ne kafin mai doki mafi gudu ya iso.

Kuma da dukiyar ta fara ƙaranci sai aka ga asalin rigimar, wato wa ke da ikon tsinta. A yankin Wyoming ƙungiyar manyan masu shanu ta sa aka yi doka a 1884 wadda ake kira dokar maverick, ta ce duk dabba marar shaida da aka samu lokacin tattara garkuna ta ƙungiyar ce, ita za ta yi gwanjonta kuɗin ya shiga asusunta. Ma'ana abin da manya suka yi suka yi arziki jiya, idan ƙaramin makiyayi ya yi shi yau sunansa ɓarawon shanu. Aka riƙa sa sunayen mutane a baƙin littafi ana hana su aiki da kasuwa. A 1889 wasu masu shanu suka rataye wata mata, Ella Watson, tare da James Averell bisa zargin satar shanu, babu wanda aka hukunta. A watan Afrilun 1892 manyan suka ɗauko hayar 'yan bindiga daga Texas, su wajen hamsin gaba ɗaya suka shiga gundumar Johnson da jerin sunayen waɗanda za su kashe, suka kashe Nate Champion da Nick Ray, jama'ar gari suka taso suka yi musu ƙawanya a wani gidan gona, sai da shugaban ƙasa Benjamin Harrison ya turo sojoji suka fitar da su, kuma ƙarshenta shari'ar ta watse babu wanda aka ɗaure. Duk a kan maraƙi marar tambari. Abin da ya kashe sana'ar gaba ɗaya kuwa waya mai ƙaya ce, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da aka kewaye filaye kowa ya san dabbar da ke cikin shingensa tasa ce ko da shaida ko babu.

Kafin dabbar ta ɓace daga daji kalmar ta riga ta yi tsalle ta koma kan mutane, wajen 1886 an fara amfani da ita ga mutumin da babu tambarin kowa a jikinsa, musamman a siyasa. Kuma kwatancen ya zauna daram, jam'iyya garke ce, tana da masu ita, tana da alamarta, ɗan majalisar da ba za a iya cewa na wane ne ba shi ne maraƙin da aka manta ba a yi wa lalas ba. A farko ba yabo ba ne sosai, akwai ƙanshin ba a san inda ya dosa ba, kada ka dogara da shi. Sannu a hankali Amurkawa da yake suna son labarin mutum ɗaya a kan doki shi kaɗai a daji suka wanke kalmar suka mayar da ita lambar girma. Turanci dama yana da wannan ɗabi'ar ta mayar da sunan mutum kalma, Charles Boycott wakilin mai filaye ne a Ailan da manoma suka ƙaurace wa a 1880, yau sunansa ne kalmarsu ta ƙauracewa. Shi aƙalla abin a kansa ya faru, Maverick kuwa a kan dabbobinsa.

Wanda ya cika sunan da gaske jikansa ne, Maury Maverick. Ya wakilci San Antonio a majalisar wakilai daga 1935 zuwa 1939, ɗan Dimokurat ne daga kudu amma mai ra'ayin talakawa fiye da yadda manyan jam'iyyar a Texas za su iya haɗiya, suka haɗu suka kayar da shi a zaɓen fid da gwani na 1938. Ya dawo gida ya ci magajin gari a 1939, a watan Agustan shekarar ya ba 'yan kwaminis izinin yin taro a babban ɗakin taro na birnin, ba don yana tare da su ba sai don ya ce tsarin mulki ya ba kowa damar magana, dubban mutane suka taru suka yi wa ginin ruwan duwatsu suka farfasa, a 1941 ya faɗi zaɓe. To wannan shi ne ya biya kuɗin sunan. Shi ne kuma a 1944 lokacin yana shugabantar wata hukumar gwamnati ta zamanin yaƙi ya gaji da dogon turancin ma'aikata, ya rubuta musu takarda ya raɗa wa irin rubutunsu suna gobbledygook, ya ce kukan talotalo yake tuna masa, ana ta ƙugi ana hura wuya babu ma'ana. Gida ɗaya kalma biyu a ƙamus, ba kasafai ake samu ba. Ɗansa Maury ƙarami shi ma lauya ne da ya yi suna wajen kare mutanen da kowa ke gudu a zamanin farautar 'yan kwaminis da lokacin yaƙin Biyetnam.

A zamaninmu wanda aka fi liƙa wa kalmar shi ne marigayi John McCain, tsohon sanatan Arizona ɗan Rifablikan, wanda ya yi shekara biyar da rabi yana fursunan yaƙi a Biyetnam. Ya samu sunan ne saboda yakan haɗa kai da 'yan Dimokurat, kamar dokar taƙaita kuɗin kamfe ta 2002 da suka yi da Russ Feingold wadda manyan jam'iyyarsa da yawa ba su so ba. A zaɓen 2008 da ya kara da Obama sai kamfe ɗinsa ya mayar da kalmar taken talla, shi da abokiyar takararsa Sarah Palin kullum maverick maverick har ta zama abin barkwanci a talabijin, dangin Maverick na San Antonio kuma suka fito suka ce ba su yarda ba, mutumin da ke bin jam'iyyarsa a mafi yawan ƙuri'u ai yana da tambari a cinya. A 2010 da yake fuskantar zaɓen fid da gwani mai zafi a gida, inda sunan ya zama masa kaya, sai ya ce wa mujallar Newsweek shi bai taɓa ɗaukar kansa maverick ba. Kai jama'a. Amma kuma a yi masa adalci, a daren 28 ga Yuli 2017, yana fama da cutar dajin ƙwaƙwalwa, ya shigo zauren majalisa ya juya babban yatsansa ƙasa ya ƙi amincewa da soke dokar lafiya ta Obama, shi da sanatocin jam'iyyarsa biyu, Susan Collins da Lisa Murkowski, ƙudurin jam'iyyarsa ya faɗi da 49 da 51. To maverick ne ko ba maverick ba ne? Ni a ganina tambayar ce ba daidai ba, babu ɗan siyasar da zai yi shekara talatin a majalisa babu tambari, sai dai a tambaya sau nawa ya fita daga sahu kuma me ya rasa da ya fita.

A Najeriya jaridun turanci sun ari kalmar, kuma wanda suka fi manna wa ita shi ne marigayi Arthur Nzeribe, sanatan Orlu, da wuya ka ga an rubuta sunansa babu ita a gaba. Shi ne jagoran ƙungiyar ABN, wato Association for Better Nigeria, da ta je kotu a Abuja ta samo umarnin hana zaɓen 12 ga Yuni 1993 ana saura kwana biyu. Ka ga a nan kalmar ta koma kusa da ma'anarta ta farko, ba jarumin gaskiya ake nufi ba, ana nufin mutumin da ba ka san da wa yake ba kuma ba ka san me zai ɓullo da shi gobe ba. Dama kalmar ba ta yi alkawarin mutumin yana kan daidai ba, cewa kawai ta yi babu mai riƙe da igiyarsa. Wani abin lura kuma, tsarin mulkin 1999 bai ba da damar takarar indifenda ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai, wato a dokance ma ba ka shiga kara sai da tambari. Shi ya sa abin da muka fi gani a nan sauya sheƙa ne, kuma mai sauya sheƙa ba maverick ba ne, goge tambarin wani ya yi aka ɗora masa na wani.

Sai mu dawo kan saniyar ware. Dukkansu saniya ce a wajen garke, amma duba yadda Bahaushe ke faɗar tasa, "an mayar da shi saniyar ware", wasu ne suka yi masa, hukunci ne, kuma mai jin maganar tausayi yake ji ko ya ce shi ya ja wa kansa. Ba za ka taɓa jin mutum ya buga ƙirji ya ce ni saniyar ware ce ba. Ita tana da garke aka fitar da ita, maverick kuwa yana iya kasancewa a tsakiyar garken yana kiwo tare da kowa, abin da ya rasa shi ne alamar mai shi. Ɗaya maganar dangi ce ɗaya maganar mallaka ce. Kuma wannan ya nuna abin da kowace al'umma ta fi tsoro, mu mun fi tsoron a ce ba ka da kowa, shi ya sa tambayar farko idan baƙo ya zo ita ce ɗan gidan wa ne, yaron wa ne, su kuma sun fi tsoron a ce wani ne ke juya ka. Ba wai ba mu da masu tsayawa su kaɗai ba ne, muna da su kuma muna girmama su, sai dai da wasu kalmomi muke yabonsu, mu ce ba ya tsoron kowa, ba a sayensa, kaifi ɗaya ne, tsayayye ne. Idan aka matsa mini sai na fassara maverick a cikin labari, zan duba mutumin tukuna, idan irin Maury ne in ce kaifi ɗaya wanda ba shi da ubangida, idan irin ɗaya ɓangaren ne in ce ba a san gabansa ba, don kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

Yanzu kam kalmar ta zama kayan kasuwa. Kamfanin Ford yana da mota Maverick, sojan Amurka na da makami mai linzami Maverick, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Dallas da aka kafa a 1980 ta kuma ci kofin NBA a 2011 sunanta Mavericks, kuma ka duba tambarinsu, doki ne a jiki, babu wanda ya yarda ya sa hoton maraƙi. Sunan da ke nufin marar tambari shi kansa ya zama tambari mai rajista da lauyoyi ke karewa. Iyaye ma sun karɓe shi, a 'yan shekarun nan Maverick yana cikin sunaye hamsin da aka fi raɗa wa yara maza a Amurka, wato dubban yara kowace shekara duk sunansu wanda ba ya bin sahu.

Akwai kuma gunduma guda a Texas mai suna Maverick, an raɗa mata sunan Samuel ne tun 1856, shekarar da ya rabu da shanun, hedikwatarta Eagle Pass a bakin kogin Rio Grande daidai kan iyaka da Meziko. Nan ne a 2023 da 2024 gwamnatin Texas ta shimfiɗa waya mai reza a gaɓar kogin don tare baƙin haure, har rigimar wa ke da ikon yanke wayar ta kai su kotun ƙoli ita da gwamnatin tarayya.